Baƙin yashin da mayen ƙarfe ke ɗauka a tarkacen kuza: ana iya samun ƙarfe a cikinsa?

Mai_Walda_Bukuru ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya nake da ita ga waɗanda suka san harkar ma'adinai, musamman iyayenmu da suka yi aikin kuza.

Sana'ata walda, ina yin ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe a Bukuru. Bayan gidanmu na gado akwai wani tsohon tulin yashi da aka bari tun zamanin kamfanonin kuza, gefen wani kududdufi. Tun muna yara muke hawansa, ko ciyawar kirki ba ta fitowa a kai. A shago ina da mayen ƙarfe da na ciro daga tsohuwar sifika, da shi nake tsince ƙusoshi da burbushin ƙarfe in an tashi aiki. Kwanakin baya yarona ya ɗauke shi ya tafi da shi wajen tulin nan, ya dawo da shi ya yi baƙi ƙirin, wani yashi mai nauyi ya lulluɓe shi har ba a ganin jikinsa. Na je da kaina na gwada. Ba ko'ina yake kamawa sosai ba, amma inda ruwan sama ya zaizaye ƙasa ya bar baƙin layi, nan da nan yake cika.

To kun san yadda kuɗin rodi da fayif da falanki suka tashi. Kullum ka je sayen kaya sai ka tarar an ƙara, mai aiki kuma yana ganin kai ne ka tsawwala masa. Shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. In har abin da maye ya ɗauka ƙarfe ne, ga shi tuli guda a bayan gida, me zai hana a tara shi a narka? Muna da masu zubi a Jos da ke narka alminiyom suna yin tukwane, akwai kuma masu zubin baƙin ƙarfe. In narkawar ba za ta yiwu a wurinmu ba, akwai masu sayensa haka nan? Kuma wani maƙwabcinmu ya ce in ma bai yi amfani ba, in kwashe yashin in buga bulo, tunda tifar yashi ma yanzu kuɗi ce. Ina neman shawara kafin in sa kuɗina ko ƙarfina a ciki. Allah ya saka da alheri.

Dan_Gwangwan_Dilimi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, ni harkata ke nan, saye da sayar da tsohon ƙarfe. Gaskiya a wurinmu ba ma karɓar wannan yashin, kuma kamfanonin da muke loda wa tireloli suna narkawa su yi rodi, su ma ba sa karɓa. Har rage mana kuɗi ake yi in an ga ƙasa ko tsatsa ta yi yawa a cikin kaya. Abin da suke so shi ne ƙarfen da ya riga ya zama ƙarfe: bodin mota, tsohon injin, guntayen rodi. Guntayen da kake zubarwa a shagonka sun fi wannan tulin daraja a sikelinmu. Amma ka jira masu ilimin abin su yi magana, don na san akwai masu sayen baƙin yashi a buhuna a wajen masu injin tace kuza, ba dai don ƙarfe ba.

Baba_Tsohon_Kuza ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, jikata ce ke rubuta mini, ni nake faɗa. Na yi aiki a rumfar tace kuza a yankin Bukuru tun shekarun 1970, a kan injin maganaɗisu nake, har zuwa lokacin da kasuwar kuza ta faɗi a Landan a watan Oktoban 1985 aiki ya watse. Wannan baƙin yashin da hannuna na zubar da shi, baro bayan baro, don haka ka saurare ni da kyau.

Abin da maye ya ɗauka ba ƙarfe ba ne tukuna, tama ce. Ƙarfen yana ciki, amma a ɗaure yake da iskar oksijin, yadda tsatsa take. Wanda ke tsalle ya manne wa mayen sifika tun kafin ka taɓa shi, shi ne magnatait, kuma in tsantsarsa ne, kashi 72 cikin ɗari na nauyinsa ƙarfe ne. Wannan kam tama ce mai kyau. Sai dai a yashinmu na Filato ba shi kaɗai yake ba. Akwai ɗan'uwansa ilmanait, shi ma baƙi, ido ba ya raba su. Shi ƙarfen da ke cikinsa bai wuce kashi 37 ba, sauran titaniyom ne da oksijin. Maye mai rauni ba ya ɗaukarsa sosai, amma yana biyo magnatait, wani lokaci ma a cikin ƙwaya ɗaya suke a haɗe.

Bari in gaya maka yadda muke yi, don ka gane me ya rage a tulin. Da farko ruwa ne ke aiki. Farin yashi ba shi da nauyi, bai kai ninki uku na ruwa ba, kuza kuwa ta kai ninki bakwai. A kan tebur mai girgiza, ruwa na tafiya da mara nauyi, mai nauyi ya tsaya, kamar dai yadda mace ke bakacen hatsi a faifai tsakuwa ta koma gefe guda. Amma ruwa bai san kuza ba, nauyi kawai ya sani. Duk wani ma'adini mai nauyi sai ya biyo ta: magnatait, ilmanait, kwalambait (wani baƙin ma'adini da shi ma ake sayarwa), monazait, zarkon. Sai a busar da su a kawo mana. Injinmu bel ne ke tafiya a ƙarƙashin maganaɗisu na lantarki, kowane na gaba ya fi na baya ƙarfi. Na farko, mai rauni, shi ke cire magnatait, kuma dole a fara cire shi, in ba haka ba sai ya toshe na gaba aiki ya tsaya. Ka ƙara wuta, ilmanait ya fita. Ka ƙara, kwalambait ya fita. Ka ƙara sosai, monazait ya fita, launinsa ruwan zuma-zuma. Abin da ya wuce duka bai manne ba, kuza ce da zarkon, su kuma wani injin ke raba su. Kuza da kwalambait ake ɗurawa a buhu. Sauran duk bayan rumfa muke kai su.

Ka ga ke nan tuli iri biyu ne. Akwai na wurin haƙa, wanda yawancinsa farin yashi ne da laka, baƙin kaɗan ne a ciki. Akwai na bayan rumfar tacewa, ƙarami amma mai nauyi, kusan duk baƙi. Yadda ka kwatanta naka, gefen kududdufi, baƙin sai inda ruwa ya wanke, na fi zaton na wurin haƙa ne. In haka ne, abin da ka gani a jikin maye ruwan sama ne ya tace maka shi shekara da shekaru, ba haka cikin tulin yake ba.

Kada ka yarda da ido, ka auna. Ka haƙa cikin tulin kamar kamu biyu ko uku, wurare daban-daban, ba saman da ruwa ya wanke ba. Ka gauraya, ka shanya ya bushe sarai, ka auna kilo 10 a sikeli. Ka sa mayen a cikin leda, don in ka zare shi yashin ya zube da kansa. Ka baza yashin siriri a tire, ka bi shi da maye har ya daina ɗauka, ka auna abin da ka samu. In ka sami kilo 1, to tan guda zai ba ka kilo 100 na baƙi, ƙarfen da ke ciki kuma, in ma duk magnatait ne, kilo 72 ne a takarda, kafin wuta ta ci nata. Ka kwatanta wannan da wahalar haƙar tan guda da shanya shi.

Maganar narkawa kuwa, masu zubin tukwane ba za su iya ba. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, ƙarfe sai ya wuce 1,500. Kuma ba zafi kaɗai ba ne. Mai zubi yana narka abin da ya riga ya zama ƙarfe ne. Tama kuwa sai an raba ta da oksijin, gawayi ko kwal ne ke janye shi a cikin wuta mai iska daidai gwargwado. Kakanninmu sun iya wannan. A Taruga, kusa da Abuja, an tono matoyar tama ta mutanen Nok da ta haura shekara 2,000. A Sukur, can Madagali, irin wannan baƙin yashin suke tarawa a rafi bayan ruwan sama su toya su yi fartanya. Don haka ba zan ce maka ba ya yiwuwa ba. Amma gawayin da ake ƙonawa ya fi ƙarfen da ake samu nauyi nesa ba kusa ba, abin da ke fitowa kuma dunƙule ne mai haɗe da kashin maƙera, sai an yi ta duka kafin ya zama abin aiki. Da tsohon ƙarfen mota da na dogo ya wadata, maƙera da kansu suka bar toyi. Rodi ba zai fito maka daga nan ba.

Ko kamfanin mulmula ƙarfe na Jos, lokacin da yake aiki, ba tama yake toyawa ba. Sandunan ƙarfe ake kawo masa daga kamfanin ƙarfe na Aladja a jihar Delta ya mulmula su su zama rodi. Kamfanin Makeri kuma, lokacin da yake aiki, kuza yake narkawa.

Bulo kuwa, ka dakata. Kada ka buga ko ɗaya tukuna.

Injiniya_Kubwa ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da muka karanta a aji, kun faɗe shi yadda ya fi shiga kai. Zan ɗan ƙara ta ɓangaren da na fi sani.

Malam mai walda, tunaninka ba shirme ba ne, ana cire ƙarfe daga sharar tama a duniya. Bambancin shi ne sharar tamar ƙarfe ake bi, ba ta kuza ba. Misali na kusa da mu shi ne Itakpe a jihar Kogi. Dutsen can ƙarfen da ke cikinsa wajen kashi 36 ne cikin ɗari, masana'antar ƙarfe ta Ajakuta kuwa an tsara ta ne a kan tama mai kashi 63 zuwa 64. Kafin a kai wannan matakin sai an niƙa dutsen an wanke, fiye da rabinsa ya tafi a matsayin shara, kuma sharar tana tafiya da ƙarfe mai yawa. Dalili shi ne yawancin tamar Itakpe hematait ce, wadda maye na yau da kullum ba ya ɗauka, kuma ƙwayoyin da suka niƙu suka yi laushi sosai ruwa ke kwashe su tare da yashi.

Hanyoyin dawo da shi sanannu ne. Akwai injin maganaɗisu mai tsananin ƙarfi da ke aiki da jiƙaƙƙen kaya, yana kama hematait mai laushi. Akwai hanyar kumfa, a zuba sinadari a ruwa a hura iska, yashin ya hau kumfa a kwashe shi, tama ta zauna a ƙasa; sitaci ma ana sa wa don ya riƙe tamar kada ta tashi. Akwai kuma gashi: a gasa sharar da ɗan kwal a zafin digiri 700 zuwa 800, hematait ta juye ta zama magnatait, sai maye mai rauni ya ɗauke ta cikin sauƙi. Ribar sharar ita ce an riga an fasa dutse an niƙa, wanda shi ne ya fi cin wuta a duk aikin.

Duk da haka abin a hannun farashi yake. A jihar Minnesota ta Amurka, wani kamfani mai suna Magnetation ya kafa masana'antu yana tace tsofaffin tafkunan shara da aka bari tun da daɗewa. Fasahar ta yi aiki, amma da farashin tama ya faɗi a kasuwar duniya, a 2015 sai ya shiga kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi. A Barazil kuma tsoro ne ya ƙara tura su ga rage shara: madatsar sharar tama ta fashe a Mariana a 2015 ta kashe mutum 19, wata ta sake fashewa a Brumadinho ranar 25 ga Janairun 2019, mutum 270 suka rasu.

Game da baƙin yashinka, titaniyom ɗin da Baba ya ambata shi ne matsala ga masu toya ƙarfe, don yana sa dattin da ke tasowa a tanderu ya yi kauri ya ƙi gudana. A New Zealand suna yin ƙarfe da baƙin yashin bakin teku mai titaniyom, amma da masana'anta da aka gina musamman dominsa. Sai dai abin da ke aibi a can shi ne kuɗi a wani wurin. Daga ilmanait ake samun farin sinadarin da ke cikin fenti, kuma ana sa shi a ɓawon da ke jikin sandar walda da kake ƙonawa kullum. Wannan ne masu saye a buhuna suke nema, tare da ɗan kuza da kwalambait da suka kuɓuce wa tsofaffin injina.

Abu na ƙarshe, doka. A tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007, ma'adinan ƙasa na gwamnatin tarayya ne ko da filin naka ne. Haƙa don sayarwa yana buƙatar lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai a nan Abuja, akwai na ƙananan masu haƙa, kuma an fi samun sauƙi in an shiga ƙungiyar haɗin kai. Ka kuma tuna a Fabrairun 2025 gwamnatin Filato ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar, don haka ka binciki matsayin yankinku kafin ka kira lebura.

Mai_Walda_Bukuru ya rubuta:

Baba, na gode, Allah ya saka da Aljanna. Anti Injiniya, na gode ƙwarai. Na yi gwajin yadda Baba ya ce. Gaskiyarku ce, cikin tulin ba kamar samansa ba ne, abin da mayen sifika ya ɗauka bai cika gwangwanin madara biyu ba. Amma wani mai gyaran kwamfuta ya ba ni ɗan ƙaramin maye mai ƙarfin gaske da ya ciro daga cikin na'ura, da na sake bi da shi sai ya ɗauko wani baƙin da ya fi na farko yawa. Da na wanke ragowar a kwano kuma, na ga wani yashi mai nauyi ya kwanta a ƙasa, wani ja-ja, wani ruwan zuma. Na ɗaure kowanne a leda daban na ajiye a ɗaki.

Maganar narkawa na haƙura da ita. Amma Baba, kun ce in dakata da bulo ba ku faɗi dalili ba. A unguwarmu gidaje da yawa da yashin nan aka yi musu yaɓe, har da ɗakin mahaifiyata. Hankalina bai kwanta ba.

Baba_Tsohon_Kuza ya rubuta:

Ɗana, fara fitar da ledojin nan daga ɗakin kwana, ka kai su shago ko wani wuri a waje inda yara ba sa kaiwa. Ɗan wannan da ka tara ba zai yi maka komai ba, amma kada ya zama al'ada.

Mai ruwan zumar nan, in monazait ne, yana ɗauke da toriyom, zarkon ma yana da ɗan yuraniyom. Suna fitar da tiririn da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, wanda likitoci ke kira radiyeshan. Ba ya ƙona mutum yau ko gobe. Illarsa ta shekaru ce, ga wanda ke kwana a cikinsa ko yake shaƙar ƙurarsa. Mu a zamaninmu da hannu muke ɗibarsa, ƙura ta rufe mu, a kan buhunan muke cin abinci. Ba wanda ya taɓa ce mana mu rufe hanci. Daga baya masana suka zo da na'ura suka auna wuraren tace kuza a Jos da Bukuru, suka tarar tiririn ya ninka na sauran wurare. Wannan abin yana damuna har yau, don na san mutane nawa suka kwashi yashin bayan rumfarmu suka kai gida.

Game da ɗakin mahaifiyarka, kada ka tayar mata da hankali, kada kuma ka fasa bango. In yashin wurin haƙa ne, mai nauyin da ke ciki kaɗan ne, haɗarinsa bai kai na bayan rumfa ba. Aunawa ce kawai za ta raba gardama. Akwai hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, kuma malaman kimiyya a Jami'ar Jos suna irin wannan awon da 'yar na'urar hannu. Kafin nan, a riƙa buɗe tagogi iska na ratsawa, in bangon yana zubar da gari a shafe shi da siminti mai yashin rafi a yi fenti.

Baƙin da ƙaramin mayen ya ɗauko shi ne zai iya zama kuɗi. Yawancinsa ilmanait ne, amma kwalambait ma a nan yake fitowa. A farkon zamanin haƙar kuza shi ma zubarwa ake yi. Da Amurka ta shiga sayensa don ƙarfen injin jirgin sama, kamfanoni suka koma kan tsofaffin tulinsu suka sake wankewa, har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Saboda haka mai yiwuwa an riga an bi ta kan naku sau ɗaya, kada ka sa rai da yawa.

Kada ka kai wa mai saye ya gaya maka abin da ke ciki, shi da zai biya. Ka ɗebi kamar kilo 2 na gaurayen da ka haƙo, wanda maye bai taɓa ba, ka kai cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa da ke kan titin Zariya a Jos, ka biya kuɗin gwaji. Ka ce su rubuta maka ƙarfe, titaniyom, kuza, kwalambait da toriyom, kowanne da adadinsa. In za ka sake haƙa, ka yayyafa ruwa tukuna, ka ɗaure hanci, musamman yanzu da iskar hunturu ta fara. In takardar ta fito, ka sa ta a nan ni da Injiniya mu duba maka.